Hajiya za ta Kanada zaman jego, mun saɓa da mijin ƙanwata a kan jirgi

Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata da ke aure a Toronto ta kusa sauka, haihuwar fari ce, kuma mahaifiyarmu za ta je ta zauna da ita har ta yi arba'in. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Hajiya shekarunta 67, tana da ciwon suga har tana allura, ga ciwon gwiwa, kuma in ban da aikin Hajji da ta yi sau ɗaya cikin ayarin alhazan jiharmu, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Hausa kaɗai take ji. Mijin ƙanwar tawa ne zai biya kuɗin jirgi. Ya turo min wani tikiti da ya samo a intanet: ta tashi daga Abuja, ta sauka a Turai, ta sake sauka a Amurka, sannan Toronto, awa 33 gaba ɗaya. Na ce ban yarda ba, a saya mata na Qatar tunda kowa ya ce shi ne na ɗaya a duniya. Ya ce bambancin ya kusa naira 900,000, ga hidimar haihuwa a gabansa. Raina ya ɓaci, na ce masa uwa ba kaya ba ce da za a nema wa araha. Tun ranar bai sake kirana ba, ƙanwata kuma kullum kuka take min a waya. Ni ma ba ni da halin cika kuɗin duka. Hajiya ba ta san abin da ake ciki ba. Wane jirgi ya fi dacewa da ita, kuma yaya zan gyara tsakanina da shi?

Daga wani ɗan'uwa a Kano

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sauki ƙanwarka lafiya, ya kai Hajiya ya dawo da ita cikin aminci. Tsoron da ya kama ka da ka ga awa 33 da zango biyu, tsoro ne mai dalili, kuma duk ɗan da ya san gwiwar uwarsa haka zai ji. Amma zan gaya maka gaskiya tun daga farko: tikitin da surukinka ya samo ba zai yiwu ba, wanda kai ka dage a kansa kuma ba lalle ne shi ya fi mata sauƙi ba, maganar da ka yaɓa masa kuwa ta fi kuɗin jirgin tsada.

Bari mu fara da tikitin nasa, don akwai abin da ku biyun ba ku lura da shi ba. Amurka ba ta da tsarin da matafiyi zai sauka ya zauna a cikin filin jirgi ya jira na gaba ba tare da ya shiga ƙasar ba. Duk wanda jirgi ya sauke a can, ko awa biyu zai yi, sai ya bi ta gaban jami'an shige da fice, kuma sai da bizar Amurka. Bizar Kanada da ke fasfon Hajiya ba za ta yi mata wannan aikin ba. Ke nan tun a Abuja, a wajen awon kaya, za a duba a ce ba za ta hau ba, ku koma gida da akwatuna da kuɗin da ya riga ya tafi. Waɗannan shafukan sayar da tikiti na intanet farashi suke jerawa, mai araha a sama, ba ruwansu da launin fasfon mai tafiya. Ban ga laifin surukinka ba da ya faɗa wannan tarko, mutane da yawa da ke zaune a can sun manta da shi saboda su ba ya kama su. Ka kuma ce ya duba ko tikitin guda ɗaya ne ko kuwa biyu aka ɗinke. Idan biyu ne, jirgin farko ya makara na biyu ya tashi, babu kamfanin da zai ɗauki nauyinta, kuma sai ta karɓi kayanta a tsakiyar hanya ta sake kai su awo da kanta. Ka ga wannan ba aikin dattijuwar da ba ta jin Turanci ba ne.

Zangon Turai shi da sauƙi. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar wucewa a Ingila da Jamus da Faransa, amma mai riƙe da bizar Kanada da ba ta ƙare ba an ɗauke masa, muddin a cikin filin jirgi zai zauna ya canza jirgi. Sharaɗin shi ne zangon ya zama ɗaya. Idan aka ce ta sauka Frankfurt ta wuce Paris sannan Toronto, tafiyar da ke tsakanin garuruwan biyu kamar ta cikin gida ce a wajensu, sai an shiga ƙasa, sai da biza. A kuma guji tikitin da zai ce a Landan ta sauka Heathrow ta tashi daga Gatwick, filaye biyu ne masu nisa da juna, sai an fita waje an hau mota.

Yanzu ga naka zaɓin. Ba ƙarya aka yi maka ba, kamfanin Skytrax mai jera kamfanonin jiragen sama ya ba Qatar Airways matsayi na ɗaya a 2024 da 2025, kuma hidimarsu tana da kyau. Sai dai yawancin hotunan da ke yawo, na kujera mai zama gado da ƙofar da ake ja a rufe, na gaban jirgi ne, ajin masu hali. A baya, inda Hajiya za ta zauna, tazarar da ke tsakanin kujera da kujera inci 31 zuwa 32 ce a kusan duk manyan kamfanoni. Gwiwa ba ta san sunan da aka rubuta a jikin jirgi ba, awa nawa aka naɗe ta kawai ta sani. Ka buɗe taswira ka gani: Toronto tana yamma da mu, Doha tana gabas. Daga Abuja zuwa Doha wajen awa 7 ne ana baya da inda za a je, sannan daga Doha zuwa Toronto awa 13 zuwa 14 a zaune a kujera ɗaya. Wato ka yi faɗa da surukinka don a saya wa Hajiya ɗaya daga cikin hanyoyi mafi tsawo.

Hanya mafi gajarta ita ce ta Turai. British Airways daga Abuja zuwa Landan kamar awa 6 da rabi, daga Landan zuwa Toronto kamar awa 8. Lufthansa ta Frankfurt da Air France ta Paris duk kusan haka ne. Ta Turkiyya, wato da Turkish Airlines, tana tsakiya: Abuja zuwa Istanbul awa 6 da wani abu, Istanbul zuwa Toronto wajen awa 11. Sai na Afirka, waɗanda ke da wata fa'ida da ta shafe ku kai tsaye, wato sun daɗe suna tashi daga filin Malam Aminu Kano. EgyptAir zai kai ta Alƙahira cikin awa 4 da ɗoriya, daga nan Toronto wajen awa 12. Ethiopian zai kai ta Addis Ababa, sai dai nasu zaman ya fi tsawo, domin Addis tana kan tudu sama da mita 2,300, jirgi ba ya iya tashi daga can da cikakken man da zai kai shi Kanada, sai ya ɗan sauka a Turai ya sha mai fasinjoji suna zaune, jimlar ta kai awa 16 ko fiye. Kada ka raina amfanin tashi daga Kano. Hajiya ta kwana a ɗakinta, ka kai ta filin jirgi da kanka, ba a fara gajiyar da ita da hanyar Abuja ba kafin ma a soma tafiyar. Qatar ma ya fara zuwa Kano a 2022. Jadawalin jirage yana sauyawa da lokaci, don haka ka sa ejan ya fito maka da na ainihin makon da za ta tafi.

Inda kamfanonin ƙasashen Musulmi suka yi zarra shi ne abinci, kuma ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Qatar da Turkish da EgyptAir duk abincin da ake rabawa na halal ne, ba sai an roƙa ba. A na Turai kuwa sai an yi odarsa tun kafin tafiya, aƙalla kwana biyu, da lambar da suke kira MOML. Abincin masu ciwon suga shi kuma DBML ne. Matsalar ita ce yawanci abinci na musamman guda ɗaya ake ba mutum ya zaɓa, ba a haɗa biyu. To a jirgin da komai halal ne, sai a zaɓa mata na masu suga, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A na Turai kuwa sai a zaɓi na halal, ita kuma ta bar kayan zaƙin da lemon kwalin da ke kan tiren, ko a nema mata wanda babu nama a ciki. Ko wanne aka hau, a sa mata ɗan abin taɓawa a jaka, dabino kaɗan da gyaɗa da biskit, saboda lokacin rabon abinci a jirgi ba ya bin lokacin allurarta.

Idan ni ce, da ido a rufe zan ce a fara duba ta Istanbul: zango ɗaya, abinci babu shakku, akwai masallatai a filin jirgin, zaman kuma bai kai na Doha ko Addis ba. Idan gwiwar ce ta fi damun ta fiye da komai, a bi ta Landan ko Frankfurt. Idan aljihu ne ya yi magana, a duba na Alƙahira daga Kano, da sharaɗin jiran da za ta yi a can bai yi tsawo ba. Na Qatar ba laifi gare shi, amma ba shi ne zai sa a ƙulla gaba ba.

A tambayi kuma irin jirgin da zai yi doguwar tafiyar. Boeing 787 da Airbus A350 iskar cikinsu ta fi danshi, kuma matsinta ya fi kusa da na ƙasa, kamar mutum yana kan tudu mai ƙafa 6,000 maimakon 8,000 na tsofaffin jirage, shi ya sa ake sauka da ƙarancin ciwon kai da bushewar maƙogwaro. A350 kujerarsa ta ɗan fi faɗi, inci 18, yayin da Boeing 777 da aka jera wa kujeru goma a layi take wajen 17. Inci ɗaya kamar ba komai ba, sai an yi awa goma. Kuma in za a kashe wani ƙarin kuɗi, a kashe shi wajen zaɓar mata kujerar bakin hanya kusa da banɗaki. Mai ciwon suga tana yawan zagayawa, kuma na san iyayenmu: in aka sa ta jikin taga, baƙi biyu suna barci a gefenta, kunya ba za ta bar ta ta tashe su ba, gara ta daina shan ruwa ta matse har a sauka. Kujerar bakin ƙofar gaggawa mai filin miƙe ƙafa ba za a ba ta ba, ta masu ƙarfin buɗe ƙofa ce, kada ejan ya karɓi kuɗinku a kanta.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci kuwa kyauta ne: keken da ake tura matafiyi a kai. Ana neman sa lokacin sayen tikiti, ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Idan tana iya hawa matakala amma doguwar tafiya ce ke ba ta wuya, lambar WCHR ce. Idan matakalar ma ba ta iyawa, WCHS. Amfaninsa ya wuce hutar da ƙafa. Ma'aikaci ne zai jira ta a bakin jirgi da sunanta, ya bi da ita wajen bincike, ya kai ta ƙofar jirgi na gaba, a Toronto kuma ya ratsa da ita wajen jami'an shige da fice da ɗaukar kaya har inda 'yarta ke tsaye. Ga wadda ba ta karanta allon Turanci, wannan ma'aikacin shi ne ɗan jagora. Ka shirya dai, za ta ƙi. Na yi wannan da gwaggona. Da aka turo keken ta dube shi ta dube ni ta ce ita ba gurguwa ba ce, da ƙafarta ta yi Safa da Marwa. Na biye mata. A wani babban filin jirgi muka yi ta tafiya a wani dogon zaure da ba ya ƙarewa, tana tsayawa kowane taku ashirin tana dafa bango, takalminta ɗaya a hannu don ƙafar ta kumbura, ni ina ja da jakunkuna biyu ina jin ana kiran jirginmu. Mu ne na ƙarshe da muka shiga, tana haki, kwana uku ba ta taka ƙafar sosai ba. A dawowa ita ta fara tambaya ina mai keken. Kada ka ce wa Hajiya keken guragu, ka ce mata ɗan rakiya ne kamfani ke ba manya.

Jiran tsakanin jirgi da jirgi ya zama awa 3 zuwa 5. Ƙasa da awa biyu, ɗan jinkiri kaɗan zai sa ta rasa na gaba, masu keke kuma su ake saukewa a ƙarshe. Sama da awa shida kuma gajiya ce da sanyin na'ura a kan benci. A cikin awa ukun nan za ta yi alwala a natse, ta yi salla, ta ci wani abu. Ta tambayi malaminta yadda za ta yi kasaru da haɗa salloli, domin tafiya yamma rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, lokutan za su rikice mata.

Kafin a biya kuɗin komai, ka kai ta wajen likitanta da takardar jadawalin tafiyar a hannu. Toronto tana bayanmu da awa 5 lokacin zafinsu, awa 6 lokacin sanyi, ranar tafiyarta za ta yi tsawo, kuma likita ne zai tsara mata lokutan allura. Ya rubuta mata takarda da Turanci mai bayanin ciwon da magungunan da allurai. Insulin, wato maganin allurarta, da na'urar gwajin suga a jakar hannu za su zauna, kada a kuskura a sa su a akwatin da za a auna, don sanyin ƙasan jirgi na iya lalata maganin, akwati kuma yakan yi lattin isowa. Ka kuma tambaye shi batun safa mai matse ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Haɗarin ba shi da yawa ga mai lafiya, amma shekaru suna ƙara shi. Ta riƙa tashi tana ɗan takawa duk bayan awa biyu, tana motsa sawu a zaune, tana shan ruwa.

Ka yi cigiyar abokin tafiya. Ɗalibai da iyalai 'yan Arewa suna zuwa Kanada, kuma surukinka ya fi ka sanin su, ta masallacinsu da zaurukan WhatsApp na 'yan gida. Idan aka samu mace mai hankali da za ta tafi a makon, a sayi tikitin Hajiya a jirginta, ko da ba shi ne wanda na fifita ba. Mutum ɗaya mai jin Hausa a kujerar kusa ya fi mata lambar yabon kowane kamfani. In ba a samu ba, a rubuta mata kati da Turanci ta rataya a wuya tare da fasfo: sunanta, cewa Hausa take ji, tana da ciwon suga, lambar jirgi na gaba, adireshi da lambar wayar 'yarta da ta mijin. A haɗa da wasiƙar gayyata da tikitin dawowa, don jami'in Toronto zai iya tambaya.

Na san kuma akwatunan ba za su tafi haka ba, uwa ce za ta jego. Yawancin tikitin wannan hanya akwati biyu ne masu kilo 23, amma a duba, mafi arahar wani lokaci ɗaya ne ko babu, ƙarin akwati kuma sai ya cinye arahar. Kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida, Kanada ba ta yarda matafiyi ya shigo da su daga nan ba. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a ɗaure su da kyau a rubuta sunansu, kuma duk abin ci da ke cikin kaya a bayyana shi ga kwastam. Wanda ya bayyana, mafi muni a karɓe abin; wanda ya ɓoye aka gano, tarar tana iya kaiwa dalar Kanada 1,300.

Sai mu dawo kan mutumin da ka ɓata wa rai. Ka tsaya a inda yake tsaye na minti ɗaya. Yana ƙasar da kuɗin haya ke cinye kaso mai yawa na albashi, matarsa na da tsohon ciki, ga kayan jariri, ga suna, kuma a cikin wannan hali ya ce a kawo uwar matarsa shi zai biya. Da yawa ba sa yi. Ya zauna da dare yana jera farashi, ya turo wa yayan matarsa don girmamawa, amsar da ya samu ita ce yana neman wa surukarsa araha kamar kaya. A wajenmu ka san nauyin da ke tsakanin mutum da uwar matarsa, ko sunanta ba ya kamawa. Ka taɓa shi a inda ya fi masa ciwo, shi ya sa ya yi shiru, kuma shirun nan kunya ce da jin zafi, ba raini ba. Kai ma ina jin akwai abin da ke ƙasan fushinka. Kai ne babba, kai ke kai Hajiya asibiti, sai ga shi wani ne ke biya kuma wani ne ke zaɓa. Wannan yana da ɗaci, amma ba laifinsa ba ne.

Kai za ka kira, yau ko gobe, kuma shi za ka kira kai tsaye, kada ka bi ta ƙanwarka. Mai tsohon ciki ba ta buƙatar zama 'yar aike tsakanin mijinta da yayanta, kukan da take yi ma ya isa haka. Ka fara da ban haƙuri ba tare da "amma" ba: maganar da na faɗa ba ta dace ba, na san ƙoƙarin da kake yi, ka yafe ni. In ya sauko, sai ka kawo batun bizar Amurka a matsayin abin da ka gano, ba hujjar cewa kai ne da gaskiya ba. Ka gaya masa kai ma ka janye maganar Qatar. Daga nan ku yarda a kan sharuɗɗa maimakon sunan kamfani: tikiti ɗaya, zango ɗaya, ba ta Amurka ba, jira awa 3 zuwa 5, keke, kujerar bakin hanya, akwati biyu. Duk jirgin da ya cika waɗannan kuma ya fi sauƙin kuɗi, shi ke nan. Ina kyautata zaton tazarar za ta sauko ƙasa da 900,000 ɗin nan sosai, musamman in an matsa ranar zuwa tsakiyar mako, aka kauce wa ƙarshen Disamba da hutun bazara. Abin da ya rage ka ce za ka kawo naka gwargwadon hali, ko da kuɗin zaɓen kujera da safa da ganin likita ne, sauran 'yan'uwa ma su sa hannu. A sayi wanda ake iya canza wa rana, haihuwar fari ba ta cika bin lissafin likita ba.

Hajiya kuma a daina ɓoye mata shirin. Ba sai ta ji an yi cacar baki ba, amma ita ce za ta zauna a kujerar. Ka zauna da ita bayan la'asar ka ce, Hajiya, akwai hanyar da ta fi gajarta amma sai an je Abuja, akwai wadda za ki tashi daga nan Kano amma ta fi tsawo, wacce kika fi so? Za ka iya mamakin amsarta. Kuma ka ce wa surukinka, in lokacin sanyi ne, ya zo filin jirgi da babbar rigar sanyi da safar hannu da takalmi rufaffe, domin mayafi da silifas za ta sauka da su, a can kuwa Janairu ruwa ƙanƙara yake zama a bakin titi.